Ƙarar Ragib Maƙeri Kan Allurar da Ta Kwantar Masa da Harshe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin da ke haɗa allurar kashe zafin haƙori, Gatan Masu Kumburin Kumatu, Mai Kwantar da Hankalin Dasashi, wanda aka rubuta sunansa a jikin 'yar kwalba da baƙaƙen da tabarauna ya kasa kamawa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin mutum ga babba, da fatan kai da iyalinka da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, kowannenku kuma ya san inda harshensa yake, ina neman izinin gabatar da kaina. Sunana Ragib, maƙerin tagulla ne ni a layin maƙera na tsohuwar kasuwar garinmu, nan tsakiyar Bosniya. Butocin gahawa da tire nake ƙerawa tun gashin bakina yana baƙi. Na haura sittin, matata ta rasu da daɗewa, 'ya'yana maza suna Jamus suna kirana ran sallah. Na biyo ta jaridar garinmu ne saboda ban san adireshinka ba, sannan ina so mutanen kasuwa da suka mayar da ni abin nishaɗi su san wanda ya kamata su yi wa dariyar.

Kada ka ɗauka zan ce maganinka bai yi aiki ba. Ya yi, Yallaɓai, har ya wuce abin da aka sa shi, kuma ƙarata ke nan.

Akwai wata baiwar Allah a unguwar bayan masallacin dutse, sunanta Zumreta, muna ce mata Zumreta-hanuma don girmamawa, kamar yadda ake ƙara wa namiji aga. Mijinta ya rasu, tana zaune a gidan wanta Muharem. Ta daɗe tana kawo mini butar gahawarta gyara, ni kuma ina karɓa ina bubbugawa, duk mun san ba abin da ya sami butar. Da an bar mu da haka za mu tsufa mu gama. To, sai 'yarta da ke aure a Graz, can ƙasar Ostiriya, ta aiko cewa kafin dusar ƙanƙara ta sauka za ta zo ta ɗauke uwarta ta koma can da zama. Nan na ga idan ban buɗe baki ba a kakar bana, sai dai in ci gaba da buga tagulla ni kaɗai. Na tura abokina Sakib wanzami wurin Muharem, aka sa mana ranar Asabar bayan la'asar.

Watakila a babban birninku ana tambayar mace kai tsaye ta ce e ko a'a. Mu nan ba mu da wannan ƙarfin halin. Idan aka zo neman aure, matar ce ke dafa gahawa ta kawo. In ta yarda, sai ta dafa ta da sukari. Mai nema ya shanye, ya ce hannunta ya yi albarka, manya su ɗaga hannu a yi fatiha. In ba ta yarda ba, ta kawo ta da ɗacinta, mutum ya kurɓi rabi, ya yi godiya, ya nemi takalmansa. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda aka gaya wa baƙar magana. Kakanninmu sun tsara wannan al'ada da kyau ƙwarai, abu ɗaya kawai suka ɗauka tabbas ne, wato mai neman auren zai zo da harshensa. Ga ƙorafe-ƙorafena, in ka yi mini alfarmar karantawa.

Na ɗaya. Allurarka ta raba mutane da tsoro, alhali tsoron nan shi ke tsare mu. A zamanin mahaifin Sakib, wanda shi ma wanzami ne, da awartaki ake cire haƙori a bayan shago, mutum biyu na danne da kafaɗunka. Ana jin ihun har bakin kogi. Wane mai hankali ne zai je wurinsa da safen ranar neman aurensa? Amma da yake kowa na cewa yanzu ko cizon sauro bai kai ba, sai na ɗauki ƙafata na tafi.

Turamen haƙorana biyu na ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, sun daɗe suna gana mini azaba. Ina ta cusa musu kanumfari har Sakib ya ce, "Kai tsoho, warinka kamar shagon kayan yaji. Haka za ka je gaban mace kana riƙe da kumatu kamar an mare ka? Je ka wurin yarinyar nan ta gyara maka baki."

Yarinyar ita ce Likita Belma, wadda na san ta tun tana zuwa shagona da kakarta. Ta leƙa bakina ta girgiza kai.

"Baffa Ragib, waɗannan ai sun zama kogo. Yau mu yi na dama, mako mai zuwa na hagu."

Na ce, "Duka yau, 'yata."

"Duka? Ba na son kashe gefe biyu rana ɗaya. Bakinka gaba ɗaya zai mutu fa, har harshe. Ina kake sauri haka?"

Na ce ina da oda mai yawa a shago. Yaya zan gaya mata gaskiya? Uwarta maƙwabciyar Zumreta ce, kafin in kurkure baki an ji a unguwa uku. Ta yi ta lallashi, ni kuma na kafe, har ta gaji ta ɗauko allurarka. Ta soka nan, ta soka can, ban ji komai ba sai ɗan sanyi. Ina tambayarka cikin ladabi, Yallaɓai: da ka bar wa allurar nan ko ɗan zafi kaɗan, da zan miƙa mata gefe na biyu? Da na farko ya ishe ni wa'azi.

Na biyu. Maganinka maƙaryaci ne. Ina fitowa daga asibitin na rantse leɓena na ƙasa ya kai girman burodi, yana reto har ƙirji. Na tsaya gaban gilashin wani shago na duba, leɓe na nan yadda uwata ta haife ni da shi, sai dai ya ɗan saki. Wa zan gaskata, idona ko maganinka? Haka na ratsa kasuwa da hannu a baki. Mai gasa burek, wani burodinmu mai nama a ciki, ya gaishe ni, na amsa, abin da ya fito ya fi kama da kukan ɗan maraƙi. Ya bar tandarsa ya biyo ni yana tambaya ko shanyewar ɓarin jiki ce, a kira mota. Ga zuciyata tana ta dukan ƙirji kamar ina ƙera tire a ciki. Belma ta ce akwai wani abu da kuke haɗawa a ciki da kan sa haka na ɗan lokaci. Na gode da bayani, amma mutumin da zai je neman aure yana da isasshen bugun zuciya na kansa, bai nemi gudummawar kamfani ba.

Na uku. Maganinka bai san sallama ba. An kira shi ya tsare ƙofa yayin da likita ke aiki. Likita ta gama, ta wanke hannu, ta kira na bayana, shi kuwa ya miƙe ƙafa a bakina. Belma ta ce kada in ci ko in sha abu mai zafi sai ya sake ni, kuma kowa da yadda yake sakinsa. Na ce a raina kafin azahar ya tafi. Azahar ta yi yana nan. Na yi wanka, na sa farar rigar da ban taɓa sawa ba, na tsaya gaban madubi ina marin kumatuna, ko gezau. La'asar ta yi yana nan daram. Mu nan idan baƙo ya zarce da zama, akan kawo masa gahawa tsararo, da ya kurɓa ya gane lokacin tafiya ya yi. Wace irin gahawa ake ba maganinka ya gane? Don Allah a rubuta a jikin kwalbar, da manyan baƙaƙe.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon ka gyara zama.

Sakib ya zo ya ɗauke ni. Yana ganina ya ce, "Me ya sami fuskarka? Yi murmushi mu gani." Na yi. Ya ce, "A'a, bar shi. Kada ka sake yi. Ni zan yi magana, kai dai ka sha gahawa, wannan ko jariri ya iya."

Muka cire takalma a ƙofar Muharem, aka kai mu ɗakin baƙi. Aka taɓa zancen sanyi da tsadar itacen hunturu, ina ta gyaɗa kai kamar mai zurfin tunani. Sannan Sakib ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo mu, ya yabe ni yabon da ni kaina na so in san mutumin. Muharem ya shafa gemu ya ce, "To, mun ji. Amsa tana wurin mai gahawa."

Zumreta ta shigo da tire, ta sa ɗankwali mai ruwan zuma, idonta a ƙasa. Ina kallon tiren na san na shiga uku. Buta biyu ce a kai, da kofin shayi ɗaya. Sakib yana da ciwon sukari, duk garin an sani, don haka ta dafa masa tasa daban ba ko ƙwaya. Muharem likita ya hana shi gahawa saboda hawan jini, shayin ganye yake sha. Tsofaffi uku a ɗaki, ni kaɗai ke da lafiyar shan amsar nan, ni kuma ba harshe.

Ta zuba mini a finjali, ta koma gefe ta zauna. Na ɗauka, na yi bisimilla a zuci, na kurɓa.

Yallaɓai, ka taɓa shan babu? Ni na sha. Wani abu ya shiga bakina ya wuce, ban san zafinsa ba, ban san sanyinsa ba, balle zaƙi ko ɗaci. Ƙamshi dai na ji a hanci, amma ƙamshin gahawar e da ta a'a duk ɗaya ne. Ni da na ƙare rayuwata a kan butar gahawa, ni da nake gane wadda aka dafa da gaggawa daga kurɓa ɗaya! Na sake kurɓa, na juya ta a baki, na tura ta dama, na tura ta hagu, ina neman ko akwai lungun da maganinka ya manta. Ma'aikatanka ba su da ha'inci, ba su bar ko'ina ba.

Na saci kallon Zumreta ko fuskarta za ta taimake ni. Tana kallon zanen darduma kamar yau ta fara ganinta. Na kalli Muharem, yana hura shayinsa. Sakib ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Yaya? Zaƙi ko ɗaci?"

Na ce ban sani ba. Allah kaɗai ya san abin da ya ji.

"Me? Kai, yi magana mana! Tawa dai ɗaci ce kamar maganin zazzaɓi. Goge haɓarka, kana zuba."

Na duba ƙasa. Ashe rabin abin da nake kurɓa ta gefen leɓe yake fita, ya bi haɓa, ya sauka a farar riga, ya yi hanya har aljihu. Ban ji ba. Ga fuska a sake kamar wanda aka ɗura wa maɗaci. Kowa a ɗakin na jirana in ce hannunta ya yi albarka ko in nemi takalma.

A nan ne babban laifinka yake. Da ka ɗauke mini harshe, ka bar ni da zuciyata ita kaɗai, ita kuwa ba ta taɓa zama mai ba ni ƙwarin gwiwa ba. Ta ce mini, Ragib, dubi kanka. Tsoho mai baƙin farce, mai dalala a riga. Tun rasuwar matarka wa ya taɓa tambayarka yadda kake son gahawarka? Mace kamar wannan, da 'ya a Graz da gida mai ɗumi yana jiranta, don me za ta zuba maka sukari? Na ji tsoro ƙwarai kada in ce hannunta ya yi albarka alhali ɗaci ta ba ni, in sa ta kunyar ƙaryata ni a gaban wanta. Sai na ajiye finjalin da saura a ciki, na dafa ƙirji alamar godiya, na miƙe.

Sakib ya miƙe shi ma, ya yi kicin-kicin da fuska saboda ni, ya ce, "Mun gode da karamci, Muharem-aga. Allah ya bar zumunci." Muna sa takalma na ji an ajiye tire a kicin da ƙarfin da ni maƙeri na san ya lotsa.

A hanya Sakib yana ta ba ni haƙuri. "Rabu da ita, mutumina. Ta je Graz ɗin ta sha gahawar inji a kofin takarda. Akwai ƙanwar matata, ba ta ji sosai, amma ta iya miya."

Na biyar. Maganinka ya san lokacin tafiya sarai, mugunta ce kawai. Ina zaune a kicin ɗina gab da magariba, ko rigar ban cire ba, raina a jagule, sai na ji kamar kiyashi na yawo a leɓena. Can harshe ya fara motsi, ya dawo gida kamar ba shi ya yi yawon banza ba. Na ji zafin ƙunar da gahawa ta yi masa, na ji inda na ciji kumatu. Sai na lashi gashin bakina, yadda kowane mai gashin baki ke yi ba da niyya ba.

Zaƙi, ranka ya daɗe.

Na ce ƙarya ne. Na sake lasa. Na cire rigar, na nemi inda tabon ya fi kauri, na sa a baki na tsotsa. Wannan ba gahawa aka sa wa sukari ba, sukari aka ɗiga wa gahawa. Har ya bushe ya yi ɗanko a jikin yadin. Matar nan ba e kawai ta ce ba, da ƙarfi ta faɗa, ni kuma na yamutsa fuska na zubar da rabi na tashi. Na yi farin cikin da rabona da irinsa tun ina saurayi, na kuma ji kamar ƙasa ta tsage in shige, duk a tsaye ɗaya. A haka maƙwabciyata ta hango ni ta taga, dattijo da singileti a tsakiyar kicin yana tsotsar rigarsa yana hawaye. Ba sai na gaya maka yadda labarin ya isa kasuwa ba. Yanzu in na wuce mai burek sai ya ɗaga murya, "Ragib-aga, a kawo burek ko ka riga ka ci riga?"

Na shida. Maganinka ba ya barin shaida. Awartakin mahaifin Sakib yakan bar kumburi na mako guda, kowa ya gani ya tausaya. Naka ya yi ɓarna ya share sawunsa. Washegari da sassafe na je ƙofar Muharem da bakina garau, ina magana tiryan-tiryan kamar mai karanta labarai, ina cewa jiya ba ni da harshe. Wa zai yarda?

Muharem bai ko ce in shigo ba. "Ragib, ƙanwata ta juye maka sukarin wata guda. Ka sha ka ɓata rai, ka zubar a riga, ka tashi. Tun ina yaro ban taɓa ganin an wulaƙanta gahawa haka ba. Yanzu ka zo ka ce allura?"

Na rantse, na ce a tambayi Belma. Sai muryar Zumreta ta fito daga cikin gida, ba ta ko leƙo ba.

"Yaya, gaya wa Ragib-aga Belma yarinyar kirki ce, za ta iya rufa wa tsoho asiri. Ni na haifi 'ya'ya, na ga allurai iri-iri, ban taɓa jin wadda ke hana mutum sanin sukari ba. In ya fasa ne ya ce ya fasa. Gaya masa kuma gahawa ta ƙare a gidan nan."

Ka ga inda muka tsaya. Ita ba ta taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba, don tsoronta take kamar mutuwa, ta gwammace ta tauna da gefe guda har ƙarshen rayuwarta. Ba ta san aikinka ba, ba kuma za ta karɓi maganata ba. Na aika Sakib, ta wanke shi tas. Na aika sabon tire a madadin wanda ya lotsa, aka dawo da shi. Shekaranjiya aka ce mini ta fara raba tukwanen furanninta ga maƙwabta, kuma 'yarta ta sa ranar zuwa. Macen da ta raba furanninta ba wasa take ba.

Saboda haka ina roƙonka, da duk girman kujerarka, ka rubuto shaida a wannan jarida, da hatimin kamfani babba wanda za a gani ba tabarau, cewa maganinka yana iya mayar da lafiyayyen mutum kamar randa, a zuba masa zuma ko toka duk ɗaya. Ka ambaci sunana. Ka yi sauri, don duwatsun da ke bayan gari sun fara yin fari a kai.

Yallaɓai, a nan na ajiye alƙalami jiya da niyyar in kai wa mai jarida da safe. Ban kai ba, domin an sami ƙorafi na bakwai.

Ina shago bayan azahar ina buga gindin wata buta, sai haske ya ragu a ƙofa. Na ɗaga kai, Zumreta ce, ta rufe baki da gefen mayafi, idanunta jawur. Bayanta Sakib ne, ya bar mutum a kujera da kumfa a rabin fuska ya biyo ta, don ba a yin abu a garin nan ba shi. Ta sauke mayafin. Leɓenta na ƙasa ya saki, tana riƙe da hankici a haɓa. Ba wanda ya san wannan fuskar kamar ni.

Sakib ya ce, "Tun safe matata ke riƙe da hannunta a wurin Belma, har yanzu yatsun matata ba su dawo daidai ba. Ita ma ashe ramuka biyu take ɓoyewa. Belma ta ce gefe ɗaya, ta ce a'a, yadda aka yi wa wancan tsohon haka za a yi mata, ba ragi. Daga nan ta wuce gida ta dafa gahawa, ta juye sukari, ta sha. Ka ga gaban rigarta."

Na gani. Tabo ne har biyu.

Sai Zumreta ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, ta fuskance ni, ta fara magana. Doguwar magana ce, Yallaɓai. Ta nuna ni, ta nuna kanta, ta nuna wajen tashar mota, ta dafa ƙirji. Wani wurin muryarta ta hau, wani wurin ta karye har ta share ido. Na tsaya da guduma a hannu ina saurare da duk jikina, ban kama ko kalma ɗaya ba.

Na juya ga Sakib. "Me ta ce?"

"Ta ce kai jaki ne."

"Duk wannan tsawon?"

"Sauran bayani ne."

Ta kai masa duka da jaka a kafaɗa. Sannan ta buɗe jakar, ta lalubo ƙwayar sukari guda, ta ɗora a kan maƙerata tsakanin guduma da butar da nake aiki, ta ja baya ta harɗe hannu tana kallona. Wannan karon ba darduma take kallo ba. Na ɗauka da baƙaƙen yatsuna na sa a baki. Na ji shi tun daga kan harshe har maƙogwaro. Na ce, "Hannunki ya yi albarka, Zumreta-hanuma," da ƙarfin da maƙeran layin duka suka daina bugu. Ta yi murmushi, rabinsa ya tafi inda ya ga dama, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Sakib ya ɗaga hannu ya ja fatiha a nan cikin shago, har mai kumfa a fuska, wanda ya biyo sawu ya ga inda wanzaminsa ya shiga, ya shafa tare da mu.

To ga ƙorafin. Da yamma, da bakinta ya dawo, na je gidan Muharem, aka bar ni na shiga. Na ce mata don Allah ta maimaita mini abin da ta faɗa a shago, ko rabi ne.

Ta ce, "Na faɗa sau ɗaya, Ragib-aga. Da ina da tabbacin za ka ji, ai da ban faɗa ba."

Ka ji, ranka ya daɗe? Sau ɗaya a rayuwata mace ta tsaya a gabana ta zazzage abin da ke ranta, matar da ta shiga kujerar da ta fi tsoro a duniya don kawai ta san ko ƙarya na yi mata, kuma maganinka ya haɗiye jawabin gaba ɗaya. Na san halinta, ba za ta sake ba. Wannan asarar ba hatimin da zai biya ta, kuma na rasa yadda zan yi fushi da kai a kanta, tunda ba don kai ba da ba ta faɗa ba sam.

Don haka na janye buƙatar shaida. Abin da ya rage kaɗan ne. A rubuta a jikin kowace kwalba cewa kada a yi wa mai zuwa neman aure, ko mai zuwa ba da amsa, sai an ɗaura. Ina kuma sanar da kai, don adalci, cewa turamena sun daina ciwo, nata ma haka, kuma 'yarta za ta zo dai a ranar da ta sa, amma da kayan biki. Maƙwabta sun fara dawo da tukwanen furanni suna gunaguni. Idan hanya ta biyo da kai garinmu, ka tambayi layin maƙera, kujerarka tana nan a sahun manya. Sharaɗi ɗaya ne, Muharem ya ce za a caje aljihunka a ƙofa.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya rage masa ƙwazo kaɗan.

Naka mai biyayya, da baki cikakke,

Ragib Kurtagić
Maƙerin tagulla, Layin Maƙera, Tsohuwar Kasuwa